Ina so in koma waldar argon, amma maigidana da yayana sun ƙi ba ni goyon baya

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 27 a Kano. Shekarata tara a shagon maigidana muna waldar rodi, muna yin ƙofofi da tagogi da get. Bara Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa, aka sayar da gona aka raba gado. Na karɓi rabona, Inna kuma ta haɗa mini da tumuninta ta ce in je in kafa kaina. Burina in sayi injin waldar argon, domin sau uku a bana ana kawo mana aikin relin ɗin bene na sitenlas, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, muna mayarwa saboda ba mu da kayan aikin. Da na gaya wa maigidana sai ya ce argon ba aikin irinmu ba ne, tun daga ranar kuma ya daina sakar mini fuska. Yayana ya ce in sayi adaidaita sahu da ke kawo kuɗi kullum, kada in ƙona wa Inna dukiya a kan abin da ban iya ba. Gaskiya ban taɓa riƙe tocin argon, wato mariƙin da wutar walda ke fita ta bakinsa, ba, sai dai kallo a waya. Wani mai shago ya nuna mini inji da aka rubuta wa amfiya 400, ya ce yana argon, yana rodi, yana yanka, har alminiyom yana yi, kuma in kawo kuɗi kafin Juma'a ko wani ya ɗauke. Kuɗin injin zai cinye kusan duk abin da ke hannuna. Barci ya ƙaurace mini. Don Allah a ba ni shawara.

Daga wani mai walda a Kano

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya kuma saka wa mahaifiyarka da alheri. Macen da ta ɗauki tumuninta ta danƙa wa ɗanta ta gama nuna masa yarda, kuma na san nauyin wannan yardar ce ke hana ka runtsawa, fiye da zancen inji.

Abu na farko, ka bar Juma'a ta zo ta wuce kuɗinka na aljihunka. Injin walda bai ƙare a kasuwa ba. In ka zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari mako mai zuwa za ka tarar da irinsa jibge. Shi mai shago sayarwa ce sana'arsa, ba na kuma zarginsa da mugun nufi, amma lissafin da ke jikin injin nan bai hau ba. Soket ɗin gida mai amfiya 13 a kan wuta mai ƙarfin 230 bai fi ya ba ka kilowat 3 ba, ita kuwa waldar argon mai amfiya 400 tana neman sama da kilowat 10. Injin da yake ba da 400 da gaske ƙato ne, wuta mai layi uku yake sha, tocinsa ma da ruwa ake sanyaya shi. Idan wanda aka nuna maka ɗan ƙarami ne da za ka saɓa a kafaɗa ka cusa filoginsa a bango, to rubutu kawai aka yi a jikinsa. Sannan injin da aka tara wa ayyuka huɗu a ciki ɗaya, ranar da allon lantarkin da ke cikinsa ya ƙone duka huɗun sun tsaya tare, yankan ma ba ya yiwuwa sai ka nemo kwamfuresa.

Duk da haka ina tare da kai a kan burinka, domin idonka ya ga daidai. Aiki ya zo ƙofar shagonku sau uku ya juya, kuma duk wanda ke yawo a sababbin unguwanni ya san yadda relin da baranda na sitenlas suka yawaita, ga masu gidajen abinci da gidajen burodi da ke neman tebura da tankuna da ba sa tsatsa. Inda nake tsoro shi ne yadda ka jera abubuwan: ka sa inji a gaba, hannunka a baya.

Bari in kai ka kusa da aikin. A waldar rodi, rodin shi ne ke kawo wuta, shi ne ke narkewa ya cike gurbi, ɓawonsa kuma ya kare narkakken ƙarfen. A waldar argon, wadda a takarda ake rubutawa TIG, an raba waɗannan ayyuka uku. Wuta tana fita ne daga bakin wata allura ta tangistan, ƙarfen da sai zafi ya kai digiri 3,422 kafin ya narke, don haka allurar ba ta ƙarewa cikin aikin. Iskar argon tana hurowa ta cikin ɗan kofin tangaran da ke zagaye da allurar, ta kori iskar gari daga kan wurin da ya narke. Waya mai cikowa kuma tana ɗaya hannunka, kana ɗiga ta kaɗan-kaɗan. Tsakanin bakin allura da ƙarfe bai wuce milimita biyu ko uku ba. Ka sunkuya, ka danna maɓalli, ka ji iska ta fara shuu, wuta ta kama shiru babu tartsatsi, sai ka ga wani ɗan tafki mai sheƙi kamar ƙwayar gero ya buɗe a bakin fayif. Hannunka ya ɗan yi rawa allurar ta taɓa tafkin nan, shi ke nan ta gurɓace, sai ka tsaya ka ciro ta ka sake wasawa. Ka daɗe daƙiƙa biyu a wuri ɗaya a kan fayif mai kaurin milimita ɗaya, ka huda shi. Ranar da na fara riƙe toci, na fi ɓata lokaci a gaban dutsen wasawa fiye da kan teburin aiki, alhali na riga na shekara da yawa ina rodi. Shekarunka tara ba su tafi a banza ba, ka san karatun narkakken ƙarfe, ka san yadda zafi ke murɗe aiki, amma hannu biyu su saba tafiya tare sai an ba su watanni.

Saboda haka kafin ka sayi ko da kusa, ka nemi shagon da ake aikin argon kullum ka biya kuɗin koyo na wata biyu ko uku, ko da yamma kawai ko ranakun da ba ku buɗe shago. Akwai masu yi a cikin gari, akwai su a wajen Sharaɗa da Bompai inda masana'antu suke, kuma kasuwar Panteka ta Kaduna ba ta yi maka nisa ba. Hukumar ITF ta horar da ma'aikatan masana'antu, da aka kafa tun 1971, tana da cibiyar koyar da sana'o'i a Kano, ka leƙa ka ji tsarin kwas ɗinsu na walda. A waɗannan watannin za ka ga injin da ke jure ƙura da zafinmu da wanda kullum yana wurin mai gyara, ka san inda ake cika iska da wanda ke cikawa da gaskiya. Gani ya kori ji, waya ba za ta nuna maka wannan ba.

Yanzu zancen injin kansa. Tambayar da ke raba gardama ita ce wane ƙarfe za ka riƙa yi. Sitenlas da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe dukansu da wutar DC, wato mai gudana ta hanya ɗaya, ake yin su. Alminiyom shi ne mai rigima: shi kansa yana narkewa a digiri 660, amma fatar da ke rufe samansa sai an haura digiri 2,000, kuma wutar AC, wato mai juyawa gaba da baya, ita ce ke farfasa wannan fatar yayin da ake walda. Don haka duk injin da babu maɓallin AC a gabansa, komai rantsuwar mai sayarwa, ba zai yi maka alminiyom mai kyau da toci ba. Injin da ya haɗa AC da DC kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba. To kai aikin da ya zo nemanka sitenlas ne. Ra'ayina, kuma ina faɗa da ƙarfi, ka sayi injin DC mai amfiya 200 mai inganci, ya fi maka alheri a kan ka sayi mai AC da DC na araha. Araha ba ta ado. Ranar da masu gyaran mota suka fara sallama da lagireto da bututun sanyi da fasasshen murfin inji na alminiyom, ribar sitenlas ce za ta saya maka mai AC, a lokacin kuma ka san abin da kake nema.

Amfiya 200 ma ba za ka riƙa kaiwa can ba. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne kusan amfiya 40 ga kowace milimita ta baƙin ƙarfe, sitenlas kuma ƙasa da haka kaɗan. Fayif ɗin relin yawanci tsakanin milimita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, wato aikinka zai riƙa yawo tsakanin amfiya 30 da 60. Ka ga ashe abin da ya kamata ka gwada a shago shi ne yadda injin ke riƙe ƙaramar wuta ba tare da tana rawa ko tana mutuwa ba. Ka tafi da guntayen fayif ɗinka da wanda ya koya maka, a haɗa iska, a sauke wuta zuwa amfiya 15 ko 20 a yi layi a gabanka. Wanda ya ƙi yarda a gwada, ka yi masa sallama cikin mutunci. Ka tabbatar injin mai kunna wuta ne ba tare da allura ta taɓa ƙarfe ba, wanda ake rubuta wa HF, domin na ƙyastawa kamar ashana yana ɓata allura yana barin tabo a aikin da ake so ya yi ƙyalli. Ka duba akwai wurin saita iskar da ke ci gaba da hurowa bayan wuta ta mutu, ita ce ke hana ƙarshen walda da bakin allura yin baƙi. In da mai bugun wuta, wadda ke hawa tana sauka, ya samu a kuɗin da bai fi ƙarfinka ba, yana taimako sosai a kan siririn ƙarfe. Kusan duk irin waɗannan injinan suna da wurin saka mariƙin rodi, ka ga tsohuwar sana'arka ba ta tsaya ba.

Akwai wani ɗan faranti a baya ko ƙarƙashin inji da masu saye ba sa karantawa, shi ne kuwa ya fi rubutun gaba gaskiya. A nan ake rubuta minti nawa cikin goma injin zai yi aiki kafin ya nemi hutu. In ka ga kashi 60 a amfiya 200, minti shida ke nan na aiki, huɗu na shan iska. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ce a yi wannan gwajin a zafin digiri 40, wasu kamfanonin kuwa a wuri mai sanyi suke yi don lambar ta yi kyau. Kai da ka san Kano a watan Afrilu, ka nemi wanda aka rubuta 40 a jikinsa. Ka kuma tambayi mai gyaran injinan walda, ba mai sayarwa ba, wane iri ne ake samun allonsa da kayan tocinsa a gari. Toci mai lamba 17 ko 26 su ne aka fi samun kofunansu da mariƙan allurarsu.

Ga dalilin da ya sa na ce kada inji ya cinye kuɗinka: inji rabin shago ne ma bai kai ba. Kana buƙatar silinda da ragileta mai nuna lita nawa ke fita a minti, da argon tsantsa, ba wadda aka gauraya da wata iska don wani nau'in walda ba. Silinda mai lita 40 da aka cika har matsin iskar ya kai bar 150 a agogon ragileta tana ɗauke da kusan lita 6,000. In kana sakin lita 8 a minti, awa goma sha biyu da rabi ke nan na wuta a kunne. Ka riƙe wannan lissafin, da shi za ka riƙa yanka wa aiki kuɗi, kuma duk ranar da aka kawo maka silinda ka ɗaura ragileta ka karanta agogon kafin ka biya. Kana buƙatar allurai masu kaurin milimita 1.6 da 2.4. Ka nemi masu shuɗin kai ko ruwan toka ko ruwan gwal. Mai jan kai tana aiki da kyau a DC, amma akwai sinadarin toriyom a cikinta mai fitar da tururin nukiliya kaɗan, ƙurarta lokacin wasawa ba abin shaƙa ba ce. Ka ware dutse ɗaya don allura kawai, ka riƙa wasa ta a tsaye bisa tsawonta. Burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe kada ya taɓa sitenlas, in ba haka ba bayan damina ɗaya mai gida zai kira ka ya nuna maka tsatsa a kan layin waldarka. Wayar cikowa mai lamba 308L ita ce ta sitenlas 304, in kuma za ka haɗa sitenlas da baƙin ƙarfe, kamar gindin relin da farantin da aka binne a siminti, 309L ake sawa. Ka kuma san cewa fayif da yawa a kasuwa 201 ne, mai ƙarancin nikel, ya fi 304 araha kuma ya fi saurin tabo a waje. Ka gaya wa mai aiki gaskiyar wanda za ka sa masa tun kafin a yi ciniki.

Sai wuta da wuri. Irin waɗannan injinan na zamani ba sa son wutar layi ko ta janareta da ke hawa tana sauka, janareta marar na'urar daidaita wuta yana iya kashe allo a rana ɗaya. Siririn aiki ba ya cin wuta da yawa, amma in kana so ka buɗe injin gaba ɗaya ko ka yi rodi mai kauri, sai janareta mai kVA 7 zuwa 8. Wuri kuma, mun saba walda a bakin titi, argon ba ta yarda da haka ba. Iskar hunturu kaɗan, ko fanka a bayanka, ta isa ta kwashe argon daga kan aiki, sai ka ga layin da ya kamata ya fito ruwan gwal ya fito toka-toka da ƙananan ramuka. Kana buƙatar lungu mai kariya daga iska amma mai mafitar hayaƙi ta sama.

Ina roƙonka da girman Allah kada ka yi wasa da jikinka. Hasken argon ya fi yadda ake zato ƙuna, don babu hayaƙin da ke tare shi. Ka sayi hular walda ta gaske mai duhun lamba 9 zuwa 13, ka bar ɗan gilashin nan da ake riƙewa a hannu, domin hannayenka biyu duk suna da aiki. Riga mai dogon hannu ta auduga, a rufe wuya, da safar hannu ta fata mai laushi. Argon ba ta da wari kuma ta fi iska nauyi, tana kwanciya a ƙasan tanki, mutum ya shiga ya faɗi ba tare da ya ji komai ba. Kada ka taɓa shiga tanki kai kaɗai. Ka ɗaure silinda da sarƙa a bango.

In ka bi wannan tsarin, inji bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka ba. Kashi na biyu ya tafi kan koyo da silinda da kayan kariya da wuta. Na uku, wanda nake so ya zama tumunin Inna ne, kada ka taɓa shi. Ka zauna da ita bayan sallar isha'i ka gaya mata haka da bakinka: Inna, naki yana nan a ajiye, da nawa zan fara, in aiki ya kama hanya sai in shigar da naki ki riƙa samun rabonki. Za ta iya cewa ai ta riga ta ba ka. Ka yi godiya, ka ajiye duk da haka. Kai ma za ka fi samun barci.

Yayanka bai ƙi ka ba. Yanzu shi ne a mazaunin uba, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne: ba ka iya ba tukuna. Adaidaita sahu sana'a ce ta halal da ke riƙe gidaje da yawa, sai dai kai ba direba ba ne, in ka ba wani ya ja maka kuma ka shiga zancen balas da gyara da tsufan mashin, shekarunka tara na walda suna ajiye. Kada ka yi masa musu da baki. Ka rubuta lissafinka a takarda ka kai masa, ka nuna masa abin da ba za a taɓa ba, ka roƙe shi ya raka ka ranar sayen inji. Bayan wata biyu na koyo ka kai masa guntun fayif da ka haɗa da hannunka ya juya shi ya gani. In kuma bayan wata ukun ka ga hannunka ya ƙi, ko aikin bai kwanta maka ba, kuɗin koyo kawai ka kashe, shawararsa tana nan ba ta ruɓe ba.

Maigidanka ne na fi so ka yi wa a hankali. Mutumin da ya riƙe ka tun kana ɗan shekara 18, in ya ji kana zancen sabon inji, abin da kunnensa ke ji shi ne za ka tafi, kuma aikin da ya koya maka ya zama tsohon yayi. Ka cire masa wannan tunanin, don ba haka ba ne. Ita wannan walda tun asali don ƙarfe mai laushin hali aka ƙirƙiro ta. Wani ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Northrop a Amurka, Russell Meredith, shi ya fito da ita a farkon shekarun 1940 don haɗa magniziyom na jikin jirgi, da iskar hiliyom ma aka fara. Waldar argon ba ta son tsatsa, ba ta son fenti, ba ta son fayif mai rufin zinki, kuma tana da nawa. Get da ƙofa da taga har gobe na rodi ne, wato na maigidanka. Ka same shi a gida, ba a shago gaban yara ba, ka tafi da ɗan goro ko turare, in da hali da wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ka ce masa albarkarsa ka zo nema, kuma kana so aikin sitenlas da ke juyawa daga ƙofarsa ya daina juyawa. Ka miƙa masa tayi: ya ba ka lungu a shagon, inji naka, iska taka, wuri da suna nasa, ku yanka kason da za ka riƙa ba shi a kowane aiki, a faɗa a gaban shaida tun yanzu. Wannan zai sauke maka kuɗin haya a shekarar farko, shi kuma ya ga yaronsa ya ƙara wa shagonsa daraja. In ya ƙi, ka roƙe shi ya yaye ka da hannunsa ya sa maka albarka, ka ci gaba da turo masa duk aikin get da ya zo wurinka.

Nan gaba, in hannunka ya faɗa kana son ka wuce relin, akwai waldar bututu, inda ake yawan fara layin farko da argon sannan a cike da rodi, ka ga duka hannayenka biyu za su yi amfani. Masu irin wannan aikin suna neman takardar gwaji, kuma makarantar horar da ma'aikatan man fetur ta Effurun a jihar Delta tana cikin wuraren da aka sani da koyar da walda. Amma wannan zance ne na shekara mai zuwa ko ta gaba.

A wannan makon abu biyu kawai nake so ka yi: ka je gidan maigidanka, ka kuma nemo shagon da za ka koya. In ka yi wata guda kana riƙe toci ka sake rubuto mini ka gaya mini launin da layinka ke fitowa da shi, daga nan sai mu yi zancen wane inji. Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata muna taya ta addu'a.